Rabin Kitso

Mijina ya daina ba da gaskiya ga Allah. Na daɗe ni kaɗai na san haka a duk faɗin Sakkwato, kafin 'yarmu ta sani. Ita kuwa shekararta shida, cikinta ba ya riƙe magana, abin da ta ji da safe kafin azahar ta raba wa unguwa. Abin bai daɗe da faruwa ba. Har yanzu in babur ya tsaya a ƙofarmu sai na leƙa na ga ko wane ne.

Mu Kirista ne. Iyayenmu mutanen ƙasar Zuru ne, amma ni a garin nan aka haife ni, nan na yi sakandare, nan aka ɗaura mana aure. Da babana ya gama aikin gwamnati suka koma gida shi da mamata, 'yan'uwana kowa ya kama gabansa, ni aure ya riƙe ni. Muna haya a Gidan Igwai, ciki da falo a gefen gidan wani Alhaji mai sayar da hatsi. Ƙofarmu daban take, tana kallon lungu, amma katangar da ta raba mu da cikin gidansu gajera ce, in ana soya albasa can a nan muke shan ƙamshi. Uwar Alhajin tana nan da ranta, kowa Inna yake ce mata. Tun ranar da aka kawo ni take kirana Amarya, na haifi biyu ba ta canja ba. Ɗana na goye kuwa angonta ne, in ta gan shi sai ta hau mitar ya ƙi kawo mata goro. Da salla kwanon nama yake ƙetaro katanga. Da Kirsimeti ni ma nakan kai shinkafa da kaza, kazar kuma tun da safe nake aika wa Alhaji ya yanka mana, don su ci hankalinsu kwance. Haka muke zaune, ba a taɓa jin kanmu ba.

Maigidana gyaran firij da na'urar sanyaya ɗaki yake yi, yana da ɗan shago a bakin titi. A garin da rana ke narkar da kwalta ba ya rasa aiki. Ɗan mai bishara ne, a gidan coci ya tashi can ƙauye. Ni a ƙungiyar mawaƙa na fara ganinsa, yana kaɗa jita, ido a rufe, gumi na bin wuyansa. Na ce a raina, wanda ke yi wa Allah waƙa haka ba zai wulaƙanta mace ba. Ta nan ban yi kuskure ba. Bai taɓa ɗaga mini murya ba, balle hannu.

Jitar ya fara ajiyewa, ya ce aiki ya yi yawa. Sai addu'ar safe. Mun saba mu zauna a falo kafin ya fita, waƙa ɗaya, ɗan karatu, shi ya rufe da addu'a. Ya koma cewa, "Maman yara, yau ke yi mana." Gobe ma haka, jibi ma haka. In na raka shi ƙofa na ce Allah ya kiyaye hanya, sai ya ce, "To, sai na dawo." Wanda bai zauna da mutum ba ba zai lura ba, amma amin ɗin nan da ta ɓace daga bakinsa, ji na yi kamar an cire wa ɗaki ƙyaure.

Wata Lahadi bayan sujada, cikin bazara, an ɗauke wuta. Yara sun yi barci a tabarma daga su sai ɗan kamfai, muna zaune kusa da su ina yi musu fifita. Na daure na ce, "Wace ce?"

"Wa?"

"Wadda ta ɗauke maka hankali. Gara in ji daga bakinka."

Ya yi dariya har da riƙe ciki, sai kuma dariyar ta yanke. Ya ce, "Da ma mace ce, da kin fi samun sauƙi. Kin san inda za ki kai ƙarata."

Ya gaya mini a hankali, yana kallon ƙasa. Ya ce in ya durƙusa addu'a bango yake wa magana. Ya daɗe yana jin haka, ya yi azumi a ɓoye, ya roƙi ko alama ɗaya, shiru. Na tambaye shi wa ya ɓata masa rai, fasto ne ko dattawan ikkilisiya? Ko rasuwar mamarsa ce? Inda ya tsage nake nema in liƙe. Ya ce ba abin da ya faru.

"Kin san firij in gas ɗinsa ya tsiyaye? Ba ƙara, ba hayaƙi. Fitila na ci, inji na kuka, sai wata rana ki buɗe ki tarar da ruwan da ɗumi. To haka ne."

"Ai kai kake cika wa mutane," na ce. "Je ka a cika maka mana."

"A ina?"

Daga ranar muka shiga gardama, ƙasa-ƙasa, kullum kunne ɗaya na wajen katanga. Ni karatuna bai yi zurfi ba, abin da nake da shi na kawo. Na ce ya dubi yarinyar nan, a cikina aka ƙera ta, ni mai cikin ban san yadda aka yi farce ɗaya ba, to wa ya yi? Ya ce shi ma bai sani ba, amma rashin saninsa bai zama shaida ba. Na ce to mamarka fa, tana ina yanzu? Nan idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Tana ƙauye, bayan coci, inda muka sa ta." Ji na yi kamar ya sake binne ta a gabana.

Shi kuma katangar nan ya fi kamawa. Ya ce, "Da a wancan gefen aka haife ki, da yanzu kina da carbi a hannu kina tausayin 'yan hayar Alhaji. Ina shiga gidan malamai gyara, ina shiga gidan fastoci. Kowa ya ba ni ruwan sanyi, kowa mutumin kirki, kowa ya tabbata ɗayan ya ɓata. Me ke tsakaninki da Inna? Bulo ne fa, Maman yara."

Na ce, "Ni da Inna hanya muka raba. Kai kuwa cewa kake garin ma babu shi."

Ya ce wannan amsa ta yi kyau, har da murmushi, irin wanda yake yi in yarinya ta kawo sakamako mai kyau daga makaranta. Amma bai motsa ba. Ni kuma ba yabo na zo nema ba.

Da na ga ba zan iya da shi ba, sai na koma kan yara. Na ce shi babba ne, ransa nasa ne. Amma yaran nan a gidan Kirista aka haife su, a gaban ikkilisiya muka miƙa su, shi ya riƙe yarinyar ranar, ya amsa da bakinsa zai rene ta cikin tsoron Ubangiji.

"Na amsa," ya ce. "Lokacin da gaske nake."

"To yanzu me za ka ba su? In tsoro ya kama su su kira wa? In ni da kai mun mutu, a hannun wa ka bar su?"

"Zan koya musu kada su yi ƙarya, kada su cuci kowa."

"Don wa?"

"Don mutane."

"Mutane! Mutanen da ka gyara wa firij su ce gobe su ce jibi?"

Ya yi dariya, ni kuka nake. A ƙarshe muka yi yarjejeniya. Zai ci gaba da zuwa sujada, zai zauna a addu'ar safe, ba zai hana ni kai su makarantar Lahadi ba, ba zai fara ce musu komai ba. Abu ɗaya ya ƙi. Ya ce in sun tambaye shi ido da ido ba zai yi musu ƙarya ba. Ubansa bai taɓa gaya masa abin da shi kansa bai gaskata ba, shi ma ba zai yi wa nasa ba. Na yarda, don a ganina abin yana da nisa. Na ɗauka sai sun kai sakandare za su yi irin wannan tambaya, kafin nan Allah ya juyo da shi.

Watannin da suka biyo baya ban san yadda zan kwatanta su ba. Ina da miji, ina da yara, ina da coci cike da mutane, amma ba wanda zan buɗe wa baki. A zumuntar mata akwai lokacin roƙon addu'a, kowa ta tashi ta faɗi damuwarta, sai dai damuwar takan riga mai ita isa gida. Na taɓa tashi na ce a yi mini addu'a kan abin da ba ya faɗuwa. Bayan an tashi wata uwa ta ja ni gefe ta ce in giya ce in yi haƙuri, nata ma ya sha ya bari. Wata ta ce in rage gishiri a miya in ƙara kwalliya. Na gode musu. Fasto kuwa in ya ji, dattawa za su zo, a sa shi horo, a mai da shi bencin baya, labari ya isa ƙauye wurin babansa, tsohon da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana bin ƙauyuka a keke yana wa'azi, ga hawan jini. Mamata in ta bugo waya takan ce, "Ina mai jitarmu?" In ce yana lafiya. Inna ta leƙo ta katanga wata rana ina shanya, ta dube ni ta ce, "Amarya, kin rame. Angona zai samu ƙane na?" Na yi dariya na ce zafi ne. Na yi azumi har jiri ya riƙa ɗibata a bakin murhu. A coci in muna waƙa nakan saci kallonsa a sashen maza, bakinsa na motsi daidai da na kowa.

Ni ban iya kitso ba. Mamata ta yi ta fama da ni, hannuna ya ƙi. Saboda haka tun gashin yarinyar ya isa kamawa Inna ke yi mata, ranar Asabar da hantsi, don ta shiga coci Lahadi da sabon kai. Inna ba ta karɓar komai, ta ce jika ba ta biya. Wanda ya san zaman kitso ya san yadda yake. Yarinya na zaune a ƙasa tsakanin gwiwoyin tsohuwa, kai a sunkuye, ba ta ganin fuskar kowa, ana ja tana ciccijewa. Don kada ta yi kuka sai a yi ta janta da hira. Me kuka ci jiya? Babanki ya sayo miki me? Wa ya fi sonki? Rabin asirin unguwa ta kan yara yake bi ya fita, ba da mugunta ba, haka dai ake yi. Na sani sarai. Ni kaina ta nan Inna ta san ranar da na ƙona wake. Amma ban taɓa haɗa wannan da wancan ba.

Wata Asabar ina wanki a tsakar gida, yaron na bayana, sai na ji sallama ƙasa-ƙasa a ƙofar lungu. Inna ce. Na san ba lafiya ba tun kafin in ga sauran, don Inna ba ta fita da rana sai gaisuwar mutuwa ko asibiti, magana ta katanga muke yi. Ta yafa mayafi a karkace, tana riƙe da wuyan hannun yarinyar. Kan yarinyar rabi an kitse tsaf yana ƙyallin mai, rabi a tsefe ya tashi buzu-buzu, tsinken kitso na soke a ciki. Leɓenta ya ɗan tasa.

Inna ta shige falo ba ta jira na ce bismilla ba, ta tura ƙofa da kanta.

"Amarya, ruhe tagag ga."

Na rufe. Hannuna duk kumfa.

"Ke, hwaɗa ma uwakki abin da kic ce."

Yarinyar ta fashe da kuka. Da ƙyar maganar ta fito. "Na ce Baba ya ce wataƙila ba kowa a sama."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba, da goyon da komai.

Inna ta ce labarin tunkiyarta da ta mutu take ba ta, ta ce Allah ya ba ta, shi ya amshi abinsa. Sai yarinya ta ɗago kai ta faɗi wannan, da ƙarfi, irin yadda yara ke faɗin abin da suke taƙamar sun sani.

"Ni ban ji ba," in ji Inna. "Kunnena ya tsuhwa. Amma surukata na nan tana tsintar shinkahwa, ga wata baƙuwa da taz zo daga Wamakko. Na buge bakin ɗiyar, ki gahwarce ni. Nic ce musu shirmen yara na, ta ji wata tatsuniya ta haɗa. Ban san ko sun ɗauka ba."

Na ce, "Inna, yarinya ce."

Ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Idon tsohuwar nan ya ga ramar da na yi, ya ga jitar da aka daina ji ta katanga.

"Na ji. Yarinya ta," ta ce. "Amma saurara, ɗiyata. Garin ga, magana in ta hita ƙohwa, ba ta isa bakin titi da tuhwahin da ta hito da su. Kahin ta kai kasuwa ta zama zagi, an ce an zagi abin da ba a zagi. Kin san sauran, ba sai na hwaɗa miki ba. Ku da naku, mu da namu, mun zamna lahiya. Amma mutum shi ce babu, wanga ba naku ba na, ba namu ba na. Ba shi da dangi garin ga. Ran da abu ya taso, ba wanda za shi tsaya mai."

Ta zare tsinken daga kan yarinyar, ta shafa mata kumatu. Ta ce in ƙarasa mata da kaina, kuma kada ta shigo sai baƙuwar ta tafi. A bakin ƙofa ta juyo ta dubi yaron da ke bayana, na ga tana son ta yi masa wasan da ta saba, amma ba ta yi ba. Ta ce, "Allah shi shirya," ta fita.

Wunin nan ba na fatan maƙiyina ya ga irinsa. Na bugi wayarsa ba iyaka bai ɗauka ba, ashe yana kan tsani a bangon wani gida a Arkilla. Na zuba kayan yara a jaka, na zazzage, na sake zubawa. In tafi ina? Tasha ma sai na ratsa unguwa. Wankin na nan a baho har ruwan ya yi zafi. Duk muryar da ta wuce ta lungu sai in tsaya da numfashi in saurara. Bayan la'asar samari suka taru a bakin shagon mai shayi suna ta hayaniya, na manna kunne a ƙofa, ashe ƙwallo suke musu. Na so in yi addu'a, bakina ya kasa haɗa komai sai "Ya Uba, ya Uba." Yarinyar ta shige bayan kujera ta ƙi fitowa, ta ƙi cin abinci. Ita a saninta gaskiya ta faɗa, kuma kullum ce mata muke ta faɗi gaskiya.

Ya dawo kafin magariba, da leda ta lemo a hannu. Da ya ga jaka, ya ga kan yarinyar, ya ajiye ledar a hankali. Na ja shi ɗaki na gaya masa cikin raɗa. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta sauya haka ba. Leɓensa ya bushe nan take. Ya tambayi wace baƙuwa, matar wa, yaushe za ta tafi, ni kuwa ban sani ba.

"Yaushe ka gaya mata?"

Ya ce ranar Alhamis, ina zumunta. Akwai wani ɗan tsako da aka rina ja, ya sayo mata a kasuwa, tana ji da shi kamar ɗa. Ya yi ta gyangyaɗi, ta durƙusa ta yi masa addu'a kamar yadda na koya mata, da safe ya mutu. Ni na san da mutuwar, har na ce mata za a sayo wani. Abin da ban sani ba, ta same shi yana wanke hannu ta ce, "Baba, Allah bai ji ba ne?" Ya ce bai sani ba. Ta ce, "Ko ba ya nan?" Ta tsare shi da ido.

"Tambayata ta yi," ya ce. "Ido da ido. Na ce mata mamanki ta gaskata yana nan, kakanki ma haka, ni dai ban sani ba, wataƙila ba kowa. Na ce kada ta damu, ba laifinta ba ne ɗan tsakon ya mutu. Tana tsammani addu'arta ce ba ta yi kyau ba, Maman yara. Abin da na so in cire mata ke nan."

"Ka ce mata kada ta faɗa a waje?"

Ya girgiza kai.

"Kai ɗan ƙauye ne har yau," na ce. "A Sakkwato kake. Gaskiyar taka kai kaɗai za ta ci? Ita fa? Wannan na bayana fa, me ya sani?"

Bai kare kansa ba. Da ya yi gardama kamar yadda ya saba, da na ji daɗin ci gaba da faɗa. Ya zauna a bakin gado, hannuwansa masu baƙin mai a tsakanin gwiwoyi. Aka kira salla a masallacin unguwa, muna jin takun mutane suna wucewa ta ƙofarmu, ba wanda ya tsaya. Sai ya tashi ya fita falo, na bi shi.

Sunan mamarsa yarinyar ta ci, shi ya sa yake ce mata Uwata. Ya durƙusa a gaban kujerar ya ce, "Uwata, fito."

Ta leƙo da rabin kanta.

"Maganar da na gaya miki ranar nan, kuskure na yi. Akwai Allah. Yana nan, yana ji."

"To me ya sa ka ce?"

"Gajiya ce. In mutum ya gaji yakan faɗi shirme. Kada ki ƙara faɗa wa kowa, kin ji? Ko a makaranta, ko a coci."

Ta fito, ta tsaya tana kallonsa, tana wasa da bakin rigarta. "To ɗan tsakona yana wurinsa?"

Ya ɗago ya dube ni. Ban taimake shi ba.

"Yana wurinsa," ya ce.

Ta yarda ta sha lemo. Ni na zauna na tsefe rabin da Inna ta kitse, don ba zan iya kwaikwayon hannunta ba, na daure gashin gida biyu. Washegari da ɗankwali ta je coci.

Ba abin da ya faru. Baƙuwar ta koma Wamakko. Surukar Inna tana amsa gaisuwata, ko da yake ina ji kamar ta gajarta ta, wataƙila kuma ni ce nake auna abin da ba a aunawa. Alhaji ya aiko a duba masa firij, maigidana ya je ya dawo lafiya. Amma magana ba ta ruɓewa. Tana iya kwanciya a cikin wani shekara guda, ranar da aka yi saɓani kan kwata ko kan yara ta tashi. Da wannan nake kwana, da shi nake tashi.

Tun daga Litinin ɗin ya karɓi addu'ar safe. Shi yake buɗe taga da kansa, ya ɗauko jita, ya ja waƙa da murya sosai yadda za a ji ta katanga, ya yi karatu, ya yi addu'a mai tsawo. Ɗan mai bishara ne, ya san inda ake ɗaga murya da inda ake sassautawa, ko fasto bai fi shi ba. Ya koma ƙungiyar mawaƙa. Matan zumunta suna tare ni suna cewa Allah ya amsa, uwar nan ta ce ai ta gaya mini giya ba ta riƙe ɗan mutanen kirki. Inna ta ce ta katanga, "Amarya, kwana biyu muna shan kiɗi," ta ce yarinya ta dawo kitso. Tana zuwa, amma ni nake raka ta in zauna har a gama, ina amsa tambayoyin kafin ta buɗe baki.

Abin da na yi azumi dominsa ke nan, gidan Kirista, uba a gaba yara a baya. Ga shi an ba ni. Sai dai in yana addu'a ni na san inda maganar take tsayawa, kuma ban san wa zan gode wa ba, Allah ko tsoro. Wani lokaci ina cewa ai Ubangiji yana iya bi ta kowace hanya, bakin da ya saba faɗa wata rana zuciya ta bi shi. Wani lokaci kuma, ina tsakiyar tawa addu'ar, sai in ji ina sauraron ko bango ne. A da ba na haka. Yarinyar ma ta rage tambayarsa abubuwa. A da komai Baba, me ya sa wata ke bin mu, me ya sa ƙanƙara ke hayaƙi. Yanzu in abu ya ɗaure mata kai sai ta dube shi, ta dube ni, ta ci gaba da wasanta.

Sau ɗaya na tambaye shi. Wata safiya ce bayan ya yi wata addu'a da ta sa ni hawaye, yana ɗaure akwatin kayan aikinsa a bayan babur. Na matsa kusa na ce, "Maigida, ko ya fara dawowa?"

Bai ɗago ba, ya ci gaba da jan roba. Ya ce, "Kada ki tambaye ni. Ke kaɗai kika rage wadda ban yi wa ƙarya ba."

Ban sake tambaya ba. Gardamar nan da nake kuka da ita a da, ashe hira ce, ita ma yanzu babu. Muna maganar cefane da makaranta da wuta.

Yaron ya fara magana cikin watan nan. Aku ne, duk abin da ya ji sai ya maimaita, har tarin Alhaji yake kwaikwaya. Jiya ya kama ƙafar ubansa yana ta "mene ne, mene ne," yana nuna sama, jirgi ne ke wucewa. Uban ya ɗaga shi ya ce jirgi ne. Ni ina tsaye da ludayi a hannu, sai da jirgin ya ɓace na lura miyar tana ɗiga a ƙafata.